Robar da ake zura wa jariri ta cibiya ko ta hannu har kusa da zuciya: me ya sa ma'aikata ke ƙosawa a cire ta?

Duk wanda ya taɓa jinyar bakwaini a asibiti ya san wannan tsayuwar ta bakin gilashi, uwa na leƙen ɗanta a cikin kwalba, kaka na gefe da fulas ɗin ruwan zafi tana ta mita. Abin da ya fi tsole musu ido ba injinan da ke ta ƙara ba ne, wata 'yar siririyar roba ce fara da ta fito daga cibiyar yaron an naɗe ta da filasta. Na sha jin tsofaffi na cewa "Sista, ai kun hana cibiyar nan faɗuwa." Wata kuma da ta ga an zo cirewa sai ta marairaice, wai a bar masa tunda tun da aka sa aka daina tsikarinsa da allura. Dukansu biyun suna da gaskiya ta wani ɓangaren, shi ya sa na ga gara a warware zancen robar nan a tsanake.

Ita dai ba kanula ba ce. Kanula gajeriya ce, a ƙaramar jijiyar bayan hannu ko ƙafa ko fatar kai take tsayawa, kuma a jikin ɗan mitsitsin jariri da ƙyar take kwana biyu zuwa uku sai ta toshe ko wurin ya kumbura a sake neman wata jijiyar. Wannan kuwa doguwa ce, ana tura ta ne a hankali har bakinta ya isa babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. Iri biyu aka fi gani a ɗakin jarirai. Akwai ta cibiya wadda likitoci ke kira UVC, akwai kuma wadda ake shiga da ita ta jijiyar hannu ko ƙafa a yi ta turawa, ita ce PICC, kuma mafi ƙanƙantarta kaurinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na milimita, wato dai kamar zaren ɗinki. Ma'aikata a bakinsu duk "layi" suke cewa, an sa layi, layi ya toshe, a cire layi.

Me ya kawo wahalar tura abu har can? Ruwan ne. Jaririn da aka haifa wata shida da 'yan kwanaki hanjinsa bai shirya karɓar nonon da zai ishe shi ba, dole a ba shi abinci ta jijiya, sikari mai kauri da sinadaran gina jiki da wani farin mai kamar madara, ga kuma kalsiyam. Irin wannan haɗin in ya bi ƙaramar jijiya ƙona ta yake, in ya tsiyaye ƙarƙashin fata kuwa sai ka ga wurin ya ɗuri ruwa ya yi baƙi ya zama gyambo, shi ya sa ruwan sikarin da ya haura kashi 12.5 cikin 100 ba a son ba da shi ta kanula. Amma a babbar jijiya jini na gudu da yawa, yana tsinka haɗin nan take. Ba yau aka fara ba, tun shekarun 1940 wani likitan yara a Boston ta Amurka, Louis Diamond, ya fara bi ta jijiyar cibiya yana canza wa jarirai jini, a 1973 kuma Jonathan Shaw a Landan ya bayyana yadda ake zura siririyar robar ta fata don ciyar da ƙananan jarirai. Yaran da suka rayu ta dalilin wannan Allah kaɗai ya san adadinsu, don haka kar wani ya karanta abin da ke tafe ya je ya hana a sa wa ɗansa.

To amma fa baƙuwa ce a jiki, kuma kusan duk ɓarnar da take yi tana komawa ne ga abu biyu, ina bakinta ya tsaya, da kuma kwana nawa ta yi a ciki.

Mu fara da bakin, don shi ne wanda ake yi a makance. Igiyar cibiya jijiyoyi uku gare ta, biyu ƙanana masu kaurin bango, ɗaya mai faɗi, ita ake bi. Daga cibiya hanyar tana hawa ne zuwa hanta, ta haɗu da jijiyar da ke shigar da jini hanta, sannan akwai wata 'yar gajeriyar hanya ta ratse da jariri ke amfani da ita tun yana ciki, wadda ke tsallake hantar ta faɗa babbar jijiya dab da zuciya, kuma bayan haihuwa cikin kwanaki take rufewa. So ake robar ta bi wannan ratsen ta tsaya a ƙofar zuciya, ba ciki ba. Likita ba ya ganin komai lokacin da yake turawa, lissafi yake da nauyin yaron. Akwai lissafin da aka saba, nauyi a kilo sau 3 a ƙara 9, a raba biyu a ƙara 1, to jariri mai kilo ɗaya kenan santimita 7 za a tura. Bakwai kacal! Ka duba fa, in aka yi kuskuren santimita ɗaya a irin wannan jikin an shiga zuciya ko an tsaya a tsakiyar hanta. Shi ya sa bayan an sa dole a ɗauki hoton ƙirji da ciki a ƙirga ƙashin baya, ana son a ga bakin a wajen gaɓa ta 8 zuwa ta 9 na ƙashin bayan da ke daidai ƙirji, inda kuma ake da na'urar sikanin da wanda ya iya ta, ta fi hoton nuna gaskiya.

Kuma ko an ga ta zauna daidai yau ba a gama ba, don tafiya take. Kututturen cibiyar yana bushewa yana motsewa, da ya motse sai ya ja robar da aka ɗinke a jikinsa zuwa ciki, cikin yaron ya kumbura ko ya saɓe ita ma ta gusa. Ta hannu kuma duk sanda jariri ya ɗaga hannu ko ya lanƙwasa gwiwar hannu bakin na matsawa gaba ko baya.

In ta zarce cikin zuciya, mai sauƙin shi ne ta riƙa taɓa bango bugun ya rikice, a ja ta baya kaɗan ya daidaita. Mai tsananin shi ne wanda duk ma'aikacin ɗakin jarirai ke tsoro. Zuciya a cikin wata 'yar jaka take, kuma bangon zuciyar bakwaini siriri ne ƙwarai, to in bakin robar ya jingina da bangon yana ta zuba wannan ruwa mai kauri dare da rana, ko ya huda, ko ma bai huda ba ruwan ya ci bangon ya riƙa tsattsafowa cikin jakar, ita kuma jakar ba ta buɗewa da sauri, sai ruwan ya taru ya matse zuciyar ta kasa cika balle ta harba jini. Ba wani ruwa mai yawa ake buƙata ba, cikin sirinji guda ya isa. Yaron da aka bari lafiya lau da magariba sai a ga cikin dare ya yi fari fat, bugu ya yi ƙasa, ana ta danna ƙirji ana ba da iska ba ya amsawa. Maganin a nan shi ne wani ya tuna da layin, a tsayar da ruwan nan take, a soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji a zuƙe, sau da yawa abin da ke fitowa fari ne kamar madara, wato abincin nan ne da aka rataya, kuma ana zuƙewa za ka ga yaro ya dawo kamar an kunna fitila. A 2001 ma'aikatar lafiya ta Birtaniya ta fitar da rahoto kan jarirai huɗu da suka rasu ta wannan hanyar a yankin Manchester, shawarar da ta fito kuwa ita ce kar a sake barin bakin robar a cikin zuciya. Abin ba ya yawan faruwa, amma ni a ganina duk jaririn da ke da layi ya rikice ba gaira ba dalili, to a fara zargin layin kafin a zargi komai.

In kuma ba ta kai ba ta maƙale a hanta, ruwan hantar zai yi ta ci, ya tara ƙulli a ciki, wani lokacin ya fashe cikin ciki a ga tumbin yaro ya kumbura yana sheƙi a yi ta tunanin ciwon hanji ne. Ta hannu tana iya zubar da ruwa a kewayen huhu numfashi ya yi wuya. Akwai ma wata karkata mai ban mamaki da ta fi faruwa in an shiga ta ƙafar hagu, robar ta saki babbar hanya ta shige wata 'yar jijiya da ke bin gefen ƙashin baya, ruwan ya riƙa taruwa a kewayen laka, yaro ya kama jijjiga ko ƙafafu su saki, a ɗebi ruwan baya don neman sanƙarau sai a ga fari. A hoto ana gane ta ne in robar ba ta tsallaka zuwa dama ba, ta miƙe ta hagun ƙashin baya.

Waɗancan su ne masu ban tsoro. Mai yawan faruwa kuwa, wanda ya fi su kashe yara nesa ba kusa ba, ƙwayoyin cuta ne su shiga jini. Fata ita ce katangar jiki, layi kuma ƙofa ce aka fasa a katangar aka bar ta buɗe har cikin falo, ga shi garkuwar jikin bakwaini ba ta nuna ba. A kwanakin farko ƙwayoyin ta jikin robar suke bi daga fata, daga baya kuwa ta mahaɗar da ake ɗaura sirinji suke shiga, wato ta hannunmu mu masu ba da magani, gaskiya ɗaya ce. Da sun shiga sai su manne a bangon robar su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai, ga sikari da mai na wucewa ta kansu kullum, me suka rasa? A Turai da Amurka wadda ta fi yawa ita ce Staphylococcus ɗin nan da ke zaune a fatar kowa galibi ba ta cutar da babba, a asibitocin Afirka da kudancin Asiya kuwa irin su Klebsiella sun fi addaba, su kuma saurin kisa gare su ga taurin kai ga magunguna. Sai Candida, wani nau'in fungas, wadda ta fi kama waɗanda ba su kai kilo ɗaya ba.

Wahalar ita ce jariri ba ya zazzaɓi irin na manya balle ya ce ga inda ke masa ciwo. Sai dai nas mai lura ta ce "yaron nan yau ba ya min kyau", ya rage motsi, yana ɗauke numfashi yana mantawa ya ja, nonon da aka ba shi ta hanci yana zaune a ciki bai wuce ba, jiki ya yi sanyi, sikarin jini ya hau. Irin wannan maganar ta nas ba a wasa da ita, a ɗebi jini a kai gwaji a fara allurai. In gwaji ya nuna Candida ko Klebsiella ko Staphylococcus aureus, wani nau'in da ya fi wancan na fata tsanani, to ba ciniki, layin fita zai yi ko da kuwa an sha wuya kafin a same shi.

An nemi dabara ta fasaha a huta, ba ta yi ba. A Ingila an gwada robar da aka jiƙa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kan jarirai sama da 800, sakamakon ya fito a 2019, ba a ga bambanci da robar da ba a jiƙa ba. Abin da ya yi aiki abu ne mai gundura. Tun aikin da Peter Pronovost ya jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman na manya sama da 100 a jihar Michigan, wanda aka buga a 2006, aka ga cewa wanke hannu, rufe jiki da kaya masu tsabta lokacin sawa, goge fata da kyau, da kuma tambaya kullum ko har yanzu ana buƙatar layin, sun rage cutar da kusan kashi biyu cikin uku, daga baya ɗakunan jarirai suka ɗauka su ma suka ga sauƙi. A ƙara da goge mahaɗar nan na daƙiƙa 15 a bar ta ta bushe kafin a ɗaura komai. Daƙiƙa 15 a baki ba komai ba ce, amma ka tsaya ƙarfe uku na dare kai kaɗai da jarirai goma sha, wancan na kuka wannan injinsa na ƙara, ka ƙirga ta ka ji tsawonta. Shi ya sa ni ban yarda a ɗora wa nas laifin ita kaɗai ba in ba a ba ta abokan aiki da ruwan famfo da safar hannu ba.

Ko maganin gogewar ma da nasa sharrin. Fatar jaririn da aka haifa kafin cikin ya kai mako 32 kamar takardar da ta jiƙe take, in aka zuba kuloheksidin da yawa ya gangara ya taru a ƙarƙashin bayansa aka bar shi kwance a kai, ƙuna yake yi sosai, har hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai a 2014. Aidin kuma fatar na tsotse shi ya taɓa aikin ƙullin nan na wuya da likitoci ke kira thyroid.

Sai ƙananan haɗurra waɗanda ba ƙanana ba ne in sun faru. Jariri mai kilo ɗaya duk jinin jikinsa bai kai mil 100 ba, ko kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata bai cika ba, to in mahaɗa ta kwance a ƙarƙashin zani ba a gani ba, kafin a ankara ya zubar da abin da zai jefa shi cikin hatsari, dalilin kenan da ba a son a lulluɓe cibiyar mai layi ko a ja famfas ya rufe ta. In an bar bakin a buɗe kuma yaro ya ja dogon numfashi iska na iya shiga jini. Siririyar nan ta hannu tana toshewa, in aka matsa mata da ƙaramin sirinji sai ta fashe, don ƙaramin sirinji ya fi babba ƙarfin turi, abin da mutane da yawa ke ɗauka akasin haka ne, shi ya sa ake cewa a yi amfani da na mil 10. Wajen cirewa ma wani lokacin takan kafe, in aka fizga ta tsinke guntun ya wuce zuciya, don haka ake ɗumama wurin a jira, in ta fito kuma a auna a tabbatar tsawon da ya shiga shi ya fito.

Kwana nawa ya kamata ta yi? Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, a ƙa'idarta ta 2011 ta ce ta cibiya na iya kaiwa kwana 14 in ana kula da ita da tsabta, amma asibitoci da dama ba sa bari ta wuce mako guda, in har yanzu ana buƙata sai a sauya da ta hannu. Da yawa kuma suna cire layi ne da zarar yaro ya fara karɓar nono kamar mil 120 a kowane kilo a rana. A nan ne uwa ke da hannu dumu-dumu ko da ba ta taɓa robar ba, don tatsar nono, tun daga dakashin farko da wasu ke zubarwa wai ba shi da kyau, shi ke sa hanji ya saba da wuri, hanji ya saba layi ya fita. Kuma ba rashin kunya ba ne uwa ko uba su tambayi likita wajen zagaye, an duba hoton bakin layin nan? Yaushe ake sa ran cirewa?

Na bar maganar gudan jini a ƙarshe da gangan, don ita ce ta fi shafar mu. Kusan tara cikin goma na daskarewar jinin da ake samu a jijiyoyin jarirai layi ne sanadi, ba mamaki tunda robar na cike babban ɓangare na jijiyar, jini na tafiya a hankali a gefenta ga bango ta gurza. Wani gudan ana gani, hannu ko ƙafa ta kumbura ta canza launi. Wani kuwa shiru yake, musamman wanda ya toshe jijiyar da ke kai jini daga hanji da saifa zuwa hanta. A asibitocinmu na Najeriya ta hannun nan ba ko'ina ake samunta ba saboda tsada, amma ta cibiya kam ana sa ta sosai, galibi don canjin jini ga jaririn da shawara ta yi wa tsanani, inda ake zuƙe jininsa kaɗan-kaɗan ana mayar da wani har a juya ninki biyu na jinin jikinsa. Aikin ceton ƙwaƙwalwa ne, ba a jinkirta shi. Sai dai yawancin yaran nan daga gida ake kawo su a kwana na huɗu ko na biyar, an riga an sha gasa cibiyar da tsumma ko kasko, wata an shafa mata man goge baki, wata har ta fara wari, ka ga an bi ta ƙofar da ba ta da tsabta kenan zuwa hanta kai tsaye, haɗarin cuta da na gudan jini duk sun ƙaru.

Da yawan irin wannan gudan yana narkewa da kansa ba wanda ya ma san an yi. Wanda bai narke ba, jinin sai ya nemi wasu ƙananan hanyoyi, matsi ya taru a baya, saifa ta girma, jijiyoyin maƙogwaro na ciki su kumbura, a sallami jariri lafiya a yi suna a yi yaye, sai yana shekara huɗu ko bakwai ko fiye wata rana ya yi aman jini. A lokacin ba wanda ke tuna wata roba da ta yi kwana biyu a cibiyarsa, sai a kama maganin saifa da na sammu, alhali gwajin hantarsa ma yawanci lafiya yake nunawa, sikanin ciki ne kawai zai nuna jijiyar a toshe. Don haka takardar sallamar nan ta ɗakin jarirai a adana ta inda ake ajiye katin rigakafi, kuma duk ranar da aka kai yaro asibiti da kumburin saifa ko aman jini ko baƙin kashi, a faɗa wa likita tun bai tambaya ba cewa an taɓa sa masa roba ta cibiya yana jariri.